Likita ya ce a nema wa mai ɗakina mai CBT: ina zan same shi, yaya zan gane na ƙwarai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina kuma noma, a wani ƙauye a ƙasar Babura, jihar Jigawa. Mai ɗakina ta haihu wata 7 ke nan, kuma tun da ta gama arba'in ba ta koma daidai ba. Ba barcin kirki, abinci sai an matsa mata, ga yawan kuka, tana cewa ba ta da amfani a gidan. An yi rubutu, an yi tofi. Da muka je babban asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya ce a nema mata mai yin CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar magana. Na ga wani a Facebook yana cewa shi ƙwararre ne, a tura naira 40,000 ya fara da ita ta waya. In tura? In ba haka ba ina zan nufa, kuma yaya zan gane wanda ya san aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya abin da aka samu. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce mutumin macuci ne ba, amma cikin duk abin da ka faɗa game da shi babu inda aka ce ga wanda ya koya masa, ga asibitin da yake aiki, ga wanda za a kai wa ƙara in ya ɓata. Hoto da farar riga a Facebook kowa na iya yi.

Akwai abin da ba ya jiran a zaɓi mai magani, bari in fara da shi. In ka taɓa jin ta ce gara ta mutu ta huta, ko tana tsoron kada ta yi wa yaron wani abu, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai ita, ko ta yi kwanaki a jere idonta biyu tana surutai marasa kan gado, to a ranar za a kai ta asibiti. Ka tambaye ta kai tsaye, cikin lallashi. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kuma tun yau ka kwashe fiya-fiya da maganin feshi da na ɓera ka kai shago ko gidan ɗan'uwa ka kulle. Gidan manomi ba ya rasa su, shi ya sa nake faɗa.

Ba za ka iya tantance mai wannan aiki ba sai ka san kamannin aikin. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Aaron Beck, ya assasa hanyar a shekarun 1960. Ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai ba sallama, game da kansu, da duniyar da suke ciki, da abin da gobe za ta haifar, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da sun bincika ba. "Ba ni da amfani" ɗin nan da kake ji a bakinta irinsu ne. Tunanin ya karya zuciya, karyewar zuciya ta sa mutum ya janye jiki daga mutane da aiki, janyewar kuma ta zama masa hujja cewa da ma ba shi da amfani. Aikin mai CBT shi ne ya koya wa mutum yadda zai tsinke wannan zagaye da kansa.

Ga yadda zama ɗaya yake, don in ka gani ka gane. Mace ta ce, "Kowa ya gaji da ni a gidan nan." Wanda bai san aikin ba cewa zai yi, "Haba, ki daina faɗin haka, ki yi haƙuri, ki gode wa Allah." Wannan kuwa ta sha ji a gida kyauta. Wanda ya sani zai ce, "Yaushe ne wannan tunani ya zo miki na ƙarshe?" Ta ce jiya da hantsi, ta gaida Inna a tsakar gida, Inna ta amsa sama-sama ta wuce. "Me kika ji a jikinki?" Gabanta ya faɗi. "Sai kika yi me?" Ta shiga ɗaki ta saki labule, ba ta fito ba sai la'asar. "To, mu duba tare. Me ke nuna ta gaji da ke, me kuma ke nuna akasin haka?" A hankali sai ta tuna Innar ce ta goya yaron da daddare da ya ƙi barci, ita ta dama mata kunu, kuma jiyan nan akuyar Inna ce ta kwana ba ta dawo ba, hankalinta duk yana can. Ba zai ce mata tunaninta ƙarya ne ba. Wani lokaci ma binciken kan nuna lallai akwai matsala a gidan, sai a koma neman yadda za a tunkare ta. Daga nan su yanke aikin mako: gobe in mata sun fito tankaɗe ta fito ta zauna tare da su na ɗan lokaci, ko ba ta ce komai ba, ta lura da abin da zai faru, ta zo da labari.

Aikin makon nan shi ne babbar alamar da nake so ka riƙe. Abin kamar ɗaukar karatu yake: malam ya biya maka, amma tilawar kai za ka je ka yi. Duk wanda ya ce CBT yake yi, amma ana zuwa a yi hira mai daɗi a tashi, ba abin da aka ba ta ta gwada a gida, ba a kuma fara zama na gaba da tambayar yadda gwajin ya kaya, to wani abu yake yi daban, ko da mai amfani ne. Rashin karatun boko ba ya hanawa. A wurin aikina wadda ta iya ajami da shi take rubutawa, wata ta yi wa kanta saƙon murya a waya, wata kuma kowane dare ta jefa tsakuwa a gwangwani, daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon nauyin da zuciyarta ta wuni da shi. Mai magani da ya miƙa wa matar ƙauye takarda da Turanci ya ce ta cike, bai yi tunanin wadda ke gabansa ba.

Zaman yakan zama sau ɗaya a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma ga ciwon damuwa yawanci zama 8 zuwa 20 ne a gama. Abu ne mai farko da ƙarshe. Bincike na shekaru da yawa ya nuna ga damuwa mai sauƙi ko matsakaiciya yana aiki kusan daidai da ƙwaya, ga mai tsanani haɗa biyun ya fi, kuma wanda ya koyi dabarun ya fi tsira daga dawowar ciwon bayan an sallame shi. Don haka kada ta ajiye maganin da likita ya rubuta don an samu mai CBT. Irin waɗannan magunguna sai sun yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Ka tabbata likitan ya san tana shayarwa. Ka kuma tambaye shi ko an auna jininta, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato ƙwayar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, kan zo bayan haihuwa da kasala da faɗuwar gaba masu kama da damuwa.

To su wa ke yin aikin? Wanda asalin sana'arsa ce shi ne masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda in ka shiga za ka ji ma'aikata suna ce masa kilinikal saikolojis. Ya yi digiri na farko a fannin, ya yi na biyu a ɓangaren jinya a jami'a irin ta Ibadan ko Jos, sannan ya yi horon aiki a asibiti ƙarƙashin na gaba da shi. Ba ya rubuta magani. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NACP. Sai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita ya ƙara shekaru yana ƙwarewa; shi ke tantance ciwo ya rubuta magani, kuma yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, wadda ake sabunta lasisinta duk shekara. Ya san CBT, sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka da wuya ka samu wanda zai ba ta awa guda kowane mako. Sai nas ɗin da suka yi ƙarin karatu kan lafiyar ƙwaƙwalwa, masu rajista da hukumar nas-nas da ungozoma, da kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti. Cikinsu akwai waɗanda aka horar da wannan aiki, akwai waɗanda ba a horar ba, sai an tambaya.

Akwai kuma waɗanda suka karanta ba da shawara a sashen ilimi na jami'a. Karatu ne na gaske, kai malamin makaranta ka san amfaninsu ga ɗalibai, amma don makaranta aka shirya su. In bai ƙara horon jinya a asibiti ba, ba shi ne na maijego mai ciwon damuwa ba. Mai satifiket ɗin kwas na 'yan kwanaki a intanet kuwa, ko kusa.

Sai dai kada in sa ka raina wanda ba shi da babban digiri, domin a ƙauyukanmu ta nan ne sauƙi ya fi kusa. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa bin masu ciki da masu jego gida da dabarun CBT da aka sauƙaƙa. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ne ke da sauran ciwon, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi littafin horo a 2015. A Zimbabuwe ma Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, kuma abin ya yi aiki. Abin da ya sa ya yi aiki a wuraren biyu shi ne akwai tsarin da ake bi daki-daki, akwai kuma na sama da ke duba aikin. Don haka a ganina nas ko ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da aka horar, tana bin littafi, tana da wanda take komawa gare shi in abu ya shige mata duhu, ta fi mai kiran kansa dakta a waya wanda ba kowa a samansa. Ka tambayi shugaban asibitin mazaɓarku ko akwai wanda ya yi horon mhGAP, shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan matakin farko kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Inda za ka nufa kuwa, ka fara da likitan da ya ba ka shawarar. Ka koma ka ce ya rubuta maka takardar turawa, ya faɗi asibiti, in da hali ya faɗi sunan wanda za ka nema. Daga Babura, asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ya fi maka Dutse kusa. A Kano akwai na Dawanau, a hanyar Katsina, wajen da ka sani saboda kasuwar hatsi, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Mutanen kudancin Jigawa su Birnin Kudu da Dutse suka fi musu. Zuwa da kai ya fi aike: ka fara zuwa kai kaɗai da takardar, ko ka sa ɗan'uwa na birni ya je, a tambayo ranar da masanin halayya ke ganin mutane, da kuɗin kati, da na kowane zama. Kada ka ɗauko maijego da goyo tun asuba, ku sha hanya, a ce muku sai wani makon.

Na san sunan waɗannan asibitoci kaɗai yana da nauyi a ƙauye, za a ce an kai matar wane gidan mahaukata. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida a ranar. Kuma ba dole ne duk gari su san inda kuka je ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a riƙe sirrinsa a kuma yi shawara da shi kan jinyarsa.

In kun zauna da mutumin, ka yi tambaya ba kunya, ba rashin ladabi ba ne. A ina ya yi karatu, wa ya koya masa CBT, tsawon wane lokaci? Ya taɓa jinyar masu damuwar bayan haihuwa? Wa yake kai wa shawara in aiki ya cije? Zama nawa yake hasashe, kuma da me za a auna ko ana samun sauƙi? Na ƙwarai zai amsa cikin sakin fuska, ya ce zai fara da sauraron tarihinta, su tsara buri tare, ya riƙa auna ta lokaci-lokaci da 'yan tambayoyi, irin guda 9 ɗin nan na PHQ-9 da makinsu ke tashi daga 0 zuwa 27. Wanda ya ɓata rai don an tambayi takardunsa ya riga ya ba ka amsa. Haka wanda ya yi alkawarin warkewa cikin zama uku, ko ya nemi kuɗin duka tun kafin ya ji me ke damunta, ko yana sayar da wani garin magani ko ƙwayoyin ƙarin kuzari a gefe, ko ya ce ta watsar da maganin asibiti.

Yanzu ga wurin da mazaje ba su cika son ji ba, amma sai na faɗa. Takardu kai za ka duba, zaɓi kuwa nata ne. Wannan magani da magana ake yin sa, kuma in ba ta saki jiki ba an yi asarar kuɗin mota. Dole ya zama mai jin Hausa sosai, wanda in ta ce "zuciyata ta yi baƙi" ko "ina jin abu ya tokare min ƙirji" ya san inda ta dosa, ya san mene ne kara, ya san abin da ya sa ba za ta ambaci sunan uwar mijinta ba. Tafinta, musamman in ɗan gida ne, yana kashe zancen. In ta fi son mace, a nemi mace, ko da za a ƙara jira kaɗan. In namiji kaɗai ake da shi, a nemi nas mace ta zauna a ɗakin. Wannan buƙata ce da aka saba ji, ba wanda zai yi mamaki. Kai kuma za a kira ka a farko a ji ta bakinka, a kira ka a ƙarshe a gaya maka inda za ka taimaka, amma a tsakiya za a ce ka ɗan jira a waje. Ka fita da zuciya ɗaya. Watakila abin da ke cin ta ya shafi Inna, ko abokiyar zama in akwai, ko kai kanka, kuma ba za ta faɗa a gabanka ba ko za a shekara. In kun kamo hanya kada ka tsare ta da "me kika ce masa?" Mai maganin ma ba zai gaya maka ba, sai in akwai haɗari ga ranta ko na yaron. Wanda ya riƙa kwashe zancenta yana kawo maka don ya faranta maka rai, ku bar shi.

Batun addini kuma, na ƙwarai ba ya yi wa addu'a da tofi dariya, ba ya kuma mai da zaman wa'azi. Wanda ya ce mata ƙarancin imani ne ya jawo mata ya ƙara mata kaya a kan wanda take ɗauke da shi, domin da ma laifin kanta take gani. Ga wanda zai ce maka wannan abin Turawa ne: Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu kan baƙin ciki da tsoro da waswasi, har ya ba da shawarar mutum ya tanadi lafiyayyun tunane-tunane tun yana lafiya don ya tari munanan da su in sun taso. Ta ci gaba da azkar ɗinta, a ci gaba da yi mata addu'a. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, da hayaƙi mai shaƙe numfashi, da ɗauri. Ba mu manta da abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, da yawansu da mari a ƙafa.

Waya ita kanta ba laifi ba ce. Ana yin CBT ta waya kuma yana aiki, ga wanda ke nesa kamar ku ma wataƙila ita ce za ta sa a kai ƙarshe, musamman in damina ta kankama, hanya ta ɓaci, aikin gona ya riƙe ka. Sharaɗin shi ne ku fara ganinsa ido da ido a wurin aikinsa, sannan ku roƙi a riƙa cakuɗawa, zama ɗaya a asibiti, biyu ko uku ta waya, a kuma daidaita ranar zuwa da ranar ganin likita don tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Ka yi tunanin inda za ta amsa wayar. A gidan yawa, ɗakin da zana ko katangar ƙasa kaɗai ta raba shi da na wata ba wurin faɗin sirri ba ne. A samu lokacin da gida ya yi shiru, wani ya riƙe yaron, a yi cajin wayar tun dare, kai kuma ka ba da wayar ka tafi gona. Shi mutumin Facebook ɗin, ka yi masa tambayoyin nan, ka ce ya faɗi asibitin da za ka je ka same shi, kuma za ka riƙa biya zama-zama. In ya yarda, ka je ka gani. In ya fara kewaye-kewaye, ka san inda ka tsaya.

Bayan zama 4 zuwa 6 ya kamata a fara ganin motsi, ko da kaɗan ne: ta fito tsakar gida ba a kira ta ba, ta yi kitso, ta ci abinci da marmari, makin tambayoyin ya fara sauka. Barci da kuzari kan riga fara'a dawowa, don haka kada ka auna da dariya. In an kai nan ba abin da ya gusa, ku faɗa wa mai maganin a fili. Wanda ya san aikinsa zai sauya tsari, ko ya mai da ku wajen likita a duba maganin, ko ya tura ku ga wani, kuma ba zai riƙe ku da zuciya ba. Kafin a sallame ta kuma ku nemi a zauna da kai a rubuta alamomin da ciwon ya fara da su a wannan karon da abin da za a yi in sun sake ɓullowa, domin wadda ta taɓa yin damuwar bayan haihuwa ta fi sauran mata haɗarin sake yi. In Allah Ya kawo wani cikin, ta gaya wa masu awo tun zuwan farko, a rubuta a katinta.